Zobban Haske Bayan Dashen Gilashin Ido Mai Nuna Nesa da Kusa

"Assalamu alaikum, Likita. Ni tsohon malamin makaranta ne a Daura, shekaruna 62. Makonni bakwai da suka wuce aka cire mini yana a idon dama a wani asibiti mai zaman kansa, aka dasa mini gilashi mai tsada wanda aka ce zai raba ni da tabarau baki ɗaya. Da rana ina gani lafiya, har saƙon waya nake karantawa ba tabarau. Amma da dare kowace fitila sai na gan ta da zobba kewaye da ita, hasken motoci yana kashe mini ido, har na daina tuƙi daga Katsina zuwa gida in magariba ta yi. Bayan sallar asuba kuma rubutun Alƙur'ani yana yi mini dishi-dishi. Na koma an ce in yi haƙuri, wani kuma ya ce a yi mini leza. Ga shi an sa ranar aikin idon hagu wata mai zuwa. Shin aikin ne ya ɓaci? Me kuma zan yi?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa kaffara ne. Idan na fahimce ka, abu uku kake son sani: ko zobban nan alamar ɓarna ce, ko haƙurin da aka ba ka ya isa magani, da kuma abin da ya kamata ka yi game da leza da aikin ido na biyu. Ban duba idonka ba, saboda haka ba zan yanke hukunci a kansa ba. Amma abin da ka siffanta na saba jinsa daga bakin mutanen da ke zuwa wurina a Katsina bayan an yi musu irin wannan dashe a Kano ko Abuja, wasu ma a Masar ko Indiya, kuma mafi yawansu aikinsu bai ɓaci ba. Sai dai kalmar haƙuri ba ta zama magani a nan sai bayan an zauna an auna idon, an tabbatar babu wani abu da ake iya gyarawa. Da yawa daga cikin waɗanda aka ce su yi haƙuri, da an sa su a gaban na'ura na minti ashirin da an gano abin da ke ƙara musu wahala.

Kafin komai, akwai alamun da ba a jira da su. Idan idon ya yi ja tare da zogi mai tsanani, ko ganinka ya ragu kwatsam, ko ka fara ganin walƙiya a gefen ido tare da baƙaƙen ɗigo masu yawo kamar ƙudaje, ko kuma wani duhu ya sauko kamar labule daga gefe ɗaya, to wannan ba shi da alaƙa da zobban gilashi. Yana iya zama ƙwayar cuta a cikin ido ko ɓallewar shimfiɗar gani ta bayan ido, kuma a ranar ake zuwa asibiti, ko da dare ne. Tunda ba ka ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba, bari mu shiga abin da ya dame ka.

Yadda gilashin yake aiki

Allah Ya halicci ido da wani gilashi garai-garai a bayan baƙin ido, yana zaune cikin 'yar jaka mai laushi. Yana da ikon sauya siffarsa, ya kumbura idan za a dubi abu na kusa, ya baje idan za a hango nesa. Wannan iko yana raguwa da shekaru, shi ya sa mutum ke fara nisanta takarda da fuskarsa bayan ya haura 40. Idan gilashin ya dusashe, shi ne muke kira yana. A wurin aiki ana cire shi a bar jakar, a saka wani na roba wanda faɗin tsakiyarsa milimita 6 ne a yawancin samfura. Wani likita ɗan Ingila, Harold Ridley, shi ya fara irin wannan dashe a Landan a shekarar 1949, bayan ya lura cewa ɓarɓashin robar murfin jirgin yaƙi da ya shiga idon matuƙa ba ya tayar da kumburi.

Gilashin roba ba ya kumbura, ba ya bajewa. Na yau da kullum, wanda ake kira monofokal, wuri ɗaya yake tara haske, galibi nesa, sai mutum ya sa tabarau don karatu. Shi ne muke dasa wa kusan kowa a nan. Naka kuwa, moltifokal, dabara aka yi masa. Idan na haska shi a na'urar duba ido, ina ganin zobba siri-siri an zana a jikinsa, ɗaya cikin ɗaya, kamar saƙar faifai daga cibiya zuwa baki. Waɗannan zobba su ke raba hasken da ya shigo kashi biyu ko uku: wani don nesa, wani don kusa, wani don tsaka-tsaki. A tsohon tsari mai gani biyu, kusan kashi 41 cikin 100 na hasken yana tafiya nesa, kashi 41 kusa, sauran kashi 18 kuma ya watse a banza. Sababbin samfura sun rage asarar. PanOptix na kamfanin Alcon, alal misali, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2019, yana amfani da kimanin kashi 88, kuma yana tara gani a nesa, da santimita 60, da santimita 40. Duk da haka rabon haske yana nan, domin a kansa aka gina gilashin.

Daga nan zobban da kake gani suka fito. Idan fitilar mota ta tunkaro ka a hanyar Mashi, kason nesa yana ajiye hotonta tsaf a bayan idonka, amma kason kusa ma yana ajiye nasa hoton a lokaci guda, kuma nasa ba a tare yake ba, ya baje ya kewaye na farkon. Da rana ba ka lura da shi, saboda ko'ina haske ne kuma 'yar ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido ta tsuke. Da dare ƙofar tana buɗewa, haske ya ratsa zobba masu yawa, ga duhu a baya yana fito da komai fili. Haka nan dishi-dishin asuba: kason da aka ware wa karatu ɗan kaɗan ne daga hasken da ya shigo, idan ɗakin kuma dama haskensa bai taka kara ya karya ba, sai wasula da ɗigon baƙaƙe su narke cikin takarda. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma wannan gilashi ƙoƙarin tauna biyu ne har uku. Yana yi, amma akwai abin da ake biya, kuma ina jin ciwo ƙwarai idan na tarar an karɓi kuɗi masu yawa a hannun dattijo an yi masa alkawarin rabuwa da tabarau ba tare da an faɗa masa wannan ba, ba a kuma tambaye shi ko yana tuƙin dare ba. Tambaya ce da ta wajaba kafin a ɗauki wuƙa.

Sabon da ƙwaƙwalwa ke yi

Haƙurin da aka ba ka yana da tushe. Ido yana karɓar hoto ne kawai, ƙwaƙwalwa ke gani, kuma tana da baiwar watsar da abin da ta gane ba shi da amfani. Wanda ya tare a gida kusa da injin niƙa, makon farko ba ya iya barcin rana, amma bayan wata uku sai baƙo ya yi ƙorafi kafin ya tuna da ƙarar. Injin bai daina ba. Haka zobban suke: a wurin mutane da yawa ba sa ɓacewa ɗungurungum, idan suka neme su za su gan su, amma sun daina tsaya musu a rai. Masu bincike a Coimbra ta ƙasar Fotugal sun ɗauki hoton aikin ƙwaƙwalwar waɗanda aka yi wa wannan dashe, suka wallafa a 2017 cewa a mako na uku sassan da ke kula da mai da hankali da ƙoƙari suna aiki fiye da ƙima, amma zuwa wata na shida sun lafa. Wannan ya dace da abin da muke gani: yawanci sauƙi yana zuwa tsakanin wata uku da shida, wasu sai sun kai shekara. Kai kana mako na bakwai, wato ko wata biyu ba ka cika ba.

Abin da ke taimaka wa wannan sabo shi ne amfani da idon a harkokin yau da kullum, da barin gwada shi. Akwai masu fita tsakar gida kowane dare su tsura wa ƙwan sola ido suna ƙirga zobba, su rufe wannan ido su buɗe wancan. Duk wanda ya yi haka yana koya wa ƙwaƙwalwarsa cewa zobban abu ne mai muhimmanci, ita kuma sai ta riƙe su gam. Gwaji sau ɗaya don ka ba likita bayani ya wadatar. Wajibi ne kuma in faɗa maka cewa akwai 'yan kaɗan da ba sa sabawa ko da shekara ta zagayo, kuma babu awon da zai nuna mana su tun farko.

Abubuwan da ake iya gyarawa

Wannan shi ne sashen da na fi so ka riƙe. Gilashi mai zobba ba ya yafe ƙaramin kuskure. Abin da mai monofokal ba zai ma lura da shi ba, a wurinka yana iya ninka watsuwar haske. Abu na farko da nake nema shi ne ragowar lamba, wato lambar tabarau da ido yake buƙata har bayan aiki. Kafin aiki ana auna tsawon ido da lanƙwasar tagarsa ta gaba don a zaɓi ƙarfin gilashi, amma ido nama ne, yadda yake warkewa yana iya kauce wa lissafi da rabin lamba ko fiye. Akwai kuma astigimatizim, wato tagar ido ba ta zagaye daidai kamar ƙwallo ba, ta ɗan miƙe kamar bayan cokali. Idan ya kai diyofta 0.75, wato ƙasa da lamba ɗaya kaɗan, ya isa ya dagula aikin irin wannan gilashi. Kana iya ɗan gwadawa a gida: ka huda kati da allura mai kauri, ka rufe idon hagu, ka leƙa rubutun wani allo mai nisa ta hudar. Idan ya ƙara fitowa sarai, akwai alamar lamba ta rage.

Na tuna wani ɗan kasuwa da ya zo mini ransa a ɓace, ya zana mini zobban da biro a bayan katin asibiti, har da tsirin haske da ke fita ta gefe kamar gashin bushiya. Ya riga ya yanke cewa sai an cire gilashin. Muka auna, muka samu astigimatizim ƙasa da lamba ɗaya. Na saka masa gilashin gwaji, na kashe fitilar ɗaki, na ce ya dubi ƙwan da ke ƙarshen baranda. Ya yi shiru na ɗan lokaci, ya cire, ya mayar, sannan ya ce, "Likita, zoben yana nan, amma ya tsuke, kuma gashin ya tafi." Siririn tabarau na tuƙin dare kawai ya buƙata. Wanda ba ya son tabarau sam, ana iya gyara lambar da leza a tagar ido ko a ƙara wani siririn gilashi a gaban na farko, amma sai lamba ta tsaya cak, galibi bayan wata uku.

Na biyu, bushewar ido, kuma a ƙasarmu wannan babban al'amari ne. Hawayen da ke lulluɓe tagar ido shi ne farkon abin da haske ke ratsawa, idan ya yi faci-faci kamar an shafa hannu mai maiƙo a madubi ne. Yankan aiki yana taɓa ƙananan jijiyoyin tagar, magungunan ɗigawa na bayan aiki suna ƙara busar da ita, sannan ga iskar hunturu da ƙurarta, ga fanka a kan fuska duk daren bazara, ga iyakwandishan na mota. Alamarta mai sauƙin ganewa ce: gani yana sauyawa cikin yini, yana washewa da ka ƙifta sai ya sake dusashewa bayan daƙiƙa kaɗan, kana jin kamar tsakuwa a ido. Wani lokaci ma hawaye ke zuba, mutum ya ce ai idonsa ba a bushe yake ba, alhali ƙaiƙayin bushewar ne ya jawo zubar. Maganinta hawayen roba, wanda ba shi da sinadarin hana lalacewa ya fi, kamar sau huɗu a yini, da ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan ɗumi a kan fatar ido a rufe na minti biyar zuwa goma, don maiƙon da ke toshe a bakin fatar ya narke. A ba shi wata guda ko fiye kafin a ce bai yi ba. Ka ajiye kwallin Juma'a tukuna har likitanka ya yarda, kada kuma zuma ko ruwan wani ganye ya shiga idon da aka yanka. Ina roƙonka musamman kada ka ci gaba da sayen ɗigon da aka ba ka bayan aiki a kemis don ka ji yana sanyaya ido. Yawancinsu suna ɗauke da sitiroyid, wanda idan aka daɗe a kansa yana iya ɗaga ƙarfin ruwan ido ya cinye jijiyar gani ba tare da ciwo ba.

Na uku, bayan ido. Tsakiyar shimfiɗar gani, wadda da ita ake karatu da gane fuska, tana iya kumbura bayan aiki, kuma lokacin da ya fi faruwa shi ne mako na huɗu zuwa na shida ko kaɗan bayan haka, wato daidai inda kake. Mai ciwon suga ya fi shiga haɗarin. Ka rufe idon hagu ka dubi gefen ƙofa ko layin tayil: idan miƙaƙƙen layi ya lanƙwashe, ka faɗa wa likita. Hoton da ake kira OCT shi ke nuna wannan kumburi, ba ya ciwo, ba ya cin minti biyar, kuma yawancin kumburin yana jin maganin ɗigawa. A auna ƙarfin ruwan ido a duba jijiyar gani ma, domin gilakoma, da mutane ke kira hawan jinin ido, ta yi yawa a cikinmu. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna ita ce ta biyu wajen makantar da mutane bayan yana. Ita ma tana rage ikon rarrabe abu da inuwarsa, idan ta haɗu da gilashi mai raba haske sai ragin ya zama biyu. Daga ƙarshe a ɗiga maganin buɗe ido a ga ko gilashin yana zaune a tsakiya, domin idan ya goce ko ya karkata, zobbansa ba sa daidaita da ƙofar haske.

Kada ka manta da idon hagu. Yanar da ke cikinsa ita ma tana watsa haske, kuma da ido biyu kake tuƙi. Mai yiwuwa wani kaso na kashe idon da kake ɗora wa sabon gilashi daga tsohuwar yanar yake fitowa.

Maganar leza

A nan nake so ka taka a hankali. Jakar da aka bari gilashin ya zauna a ciki tana iya dusashewa daga baya, abin da mutane ke cewa yana ta dawo. Ana gyara wannan da lezar YAG, a huda bayan jakar cikin 'yan mintuna, kuma idan dusashewar ce matsalar, sauƙin yana zuwa nan da nan. Amma hudar ba ta ɗinkuwa. Idan daga baya aka ga dole a canza gilashin, jakar da aka huda tana sa aikin ya ƙara wuya da haɗari, domin ruwa mai kauri da ke cike da bayan ido yana iya biyo hudar, kuma sabon gilashin ba lalle ya samu mazauninsa na asali ba.

Tambayar da ke raba gardama ita ce lokaci. Idan ka ji daɗin ganinka a makonnin farko sannan ya riƙa dusashewa a hankali, ana iya zargin jaka. Idan kuwa tun ranar da aka cire bandeji zobban suke, kamar yadda na fahimta daga wasiƙarka, da wuya jakar ce, kuma leza ba za ta kawar da su ba. A mako na bakwai ma dusashewar jaka mai yawa ba ta cika faruwa ba, ta fi zuwa bayan watanni ko shekaru. Shawarata ita ce kada ka yarda a harba leza sai likita ya ga dusashewar da idonsa a na'ura, kuma kai da shi kun gamsu cewa wannan gilashi zai zauna.

Zaman yau da gobe

Ka yi daidai da ka ajiye tuƙin dare, kuma kada kowa ya sa ka ji kunyar haka. Haɗarin da ya fi ba ni tsoro ba a fitilar da ke haske yake ba, yana wurin abin da ba shi da fitila: amalanken shanu, babur marar jar wuta a baya, yaro da baƙar riga yana tsallaka titi, ramin da ruwa ya ci. Waɗannan su ne gilashi mai raba haske ke rage ganinsu. Hanyar Katsina zuwa Daura ta kai kimanin kilomita 80, ka tsara fitowarka yadda la'asar sakaliya za ta same ka a gida, ko ka ɗauki ɗaya daga cikin yaranka ya ja ka. In ka tashi komawa, ka fara da gajerun hanyoyin cikin gari da ka sani. Ka wanke gilashin mota ciki da waje, domin ƙura da maiƙon cikin suna nasu watsa hasken. Idan mota ta tunkaro da fararen fitilun nan na zamani, ka sauke idonka zuwa gefen titi na hannun dama har ta wuce. Baƙin tabarau na rana ne kawai. Rawayan tabarau da ake tallatawa don tuƙin dare kuwa bincike bai nuna suna taimakawa wajen hango mai tafiya a ƙasa ba, hasken da dama bai isa ba suke ƙara ragewa.

Akwai ɗigon da ke hana ƙofar haske buɗewa sosai a duhu, kamar birimonidin, wanda asalinsa maganin gilakoma ne, ana ɗiga shi kimanin rabin awa kafin fita. Yana taimaka wa wasu, musamman masu babbar ƙofa, amma yana iya kawo ja da ƙaiƙayi da bushewar baki, kuma haɗari ne ga ƙananan yara idan suka kai gare shi. Filokafin ya fi ƙarfi, sai dai yana kawo ciwon goshi da duhun gani, kuma ba a son sa ga mai raunin shimfiɗar bayan ido. Duka biyun likita ke rubutawa bayan ya duba.

Karatun asuba ya fi komai sauƙin gyara. Ƙwan da ke can saman rufi bai isa ba. Ka samu fitilar tebur ko ta sola mai farin haske, ka ajiye ta a bayan kafaɗarka tana haska shafin kai tsaye ba ta haska idonka. Gilashinka yana da tazarar da ya fi kaifi, galibi kusan santimita 40, ƙasa da kamu ɗaya kaɗan, don haka ka matsar da Mus'hafin gaba da baya har ka samu wurin, ka daidaita tsayin abin ɗorawa a kansa. Bugu mai manyan baƙaƙe yana rage gajiya. Idan duk da haka wasula suna wahalar da kai, ƙaramin tabaran karatu ba faɗuwa ba ce. Wanda yake yini ba tabarau, ya sa shi na rabin awa don tilawa, ya ci riba.

Ido na biyu da batun canza gilashi

Da ni ne likitanka, da na ɗage aikin idon hagu har sai an gama waɗannan awo an gyara abin da ke gyaruwa. Yanar ido ba ta cika zama abin gaggawa ba, sai idan ta nuna sosai ko ta fara ɗaga ƙarfin ruwan ido. Za ka ji ana cewa sabo ya fi sauri idan idanu biyu suna ɗauke da gilashi iri ɗaya, kuma akwai gaskiya a ciki, mutane da yawa sun fi jin daɗi bayan aiki na biyu. Amma wannan hujja tana aiki ne ga wanda zobban ke ɗan damunsa. Wanda suka hana shi tuƙi, bai kamata a maimaita masa abin da yake kuka da shi a ɗaya idon da fatan zai saba ba. Akwai zaɓi: monofokal a hagu don ya ba ka nesa mai tsabta da dare, ko irin gilashin da ke miƙa zurfin gani ba tare da raba haske sosai ba, wanda zobbansa sun fi sauƙi amma karatun ƙananan rubutu da shi sai da tabarau. Wanne ya dace ya dogara da idon da ka fi dogara da shi wajen hange, da lafiyar bayan idon, da abin da ka fi buƙata a rayuwarka.

Canza gilashin dama shi ne matakin ƙarshe. Ana yin sa, kuma na ga wanda ya amfana: wani direban doguwar hanya da ya kai wata takwas bai saba ba, abincinsa kuma a tuƙin dare yake. Aka mayar masa da monofokal, ya koma aikinsa, ya rungumi tabaran karatu da farin ciki. Amma aiki ne da ya fi na farko wuya, domin jakar tana manne wa gilashin yayin da watanni ke tafiya, kuma ana iya yaga ta, ko tagar ido ta kumbura, ko shimfiɗar baya ta samu matsala. Ga kuma karatun waya ba tabarau da za ka rasa, wanda ka ce kana jin daɗinsa. Saboda jira yana taimakon sabo amma yana ƙara manne jaka, yawancinmu muna son a yanke shawara tsakanin wata na uku da na shida, a hannun likitan da ya saba irin wannan aiki. Ni kaina yawancin aikina monofokal ne, idan magana ta kai ga canji ina tura mutum ne wurin waɗanda suka fi ni yawan yin sa, a manyan cibiyoyi irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

Idan za ka koma asibiti, ka nemi katin gilashin da aka dasa maka. Kowane gilashi yana zuwa da takarda mai sunan samfuri da ƙarfinsa, kuma haƙƙinka ne a ba ka, duk likitan da zai duba ka nan gaba zai buƙace ta. Ka tafi da dukan kwalaben ɗigon da kake sawa da sakamakon awon suga na kwanan nan. Ka rubuta a takarda ranar da zobban suka fara, ko suna raguwa ko ƙaruwa, da ko ƙiftawa tana washe ganin. Ka nemi a auna lamba a tsanake, a duba hawaye, a auna ƙarfin ruwan ido, a buɗe idon a ga zaman gilashi da jaka, a ɗauki hoton OCT. Ka tafi da mai ja maka mota, domin maganin buɗe ido zai hana ka tuƙi na wasu awanni. Idan an yi duk wannan, ka sake rubuto mini abin da aka samu mu duba maganar idon hagu tare. Allah Ya ba da lafiya mai ɗorewa.